Ruwan da Na Zuba a Bayan Baƙo

"Ki tafi mana! Wa ya riƙe ki?"

Inna ce ta faɗa, fuskarta na kallon bango. Yanar ido ta rufe mata gani tun shekarar da Baba ya rasu, amma in tana fushi da ni takan juya min baya kamar mai gani.

"Kwana goma sha biyu ne kawai, Inna. Shatu ta gidan ƙanwarki za ta zauna da ke."

"Kwana goma sha biyu... Wancan karon ma ce min aka yi shekara uku. Biyar kika yi."

"Wancan karatu ne."

"Wannan fa?"

"Hutu."

"Hutu!" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Fanfo ya kwana tara bai ɗiga ba, mutanen ƙauye na shigowa gari da tabarmi a ka, ke kuma za ki tafi kallon ruwa. To, ki gaishe min da shi. Ki ce mutanen Birni na cigiyarsa."

Na ci gaba da ninke kaya.

Sunana Kellu, ni ce auta a gidanmu. Ina da shekara goma sha takwas na samu bursi, wato tallafin karatu, na tafi Izmir, a ƙasar Turkiyya, na karanci aikin jinya. Na dawo unguwarmu ta Birni a Damagaram bayan rasuwar Baba, na tarar yayyena sun watse, wasu Yamai, wasu Agadas. Gidan ya rage daga ni sai Inna.

A bazarar 2010 aikina a gidan likita ɗaya ne: in naɗa wa yaro ɗan ma'auni a damtse in duba launi. Kore, rawaya, ja. Ja, alamar yunwa mai tsanani, ya fi yawa. In na tashi in dawo gida, in yi tuwo, in yi shiru. A unguwa suna ce min Baturkiya. A Izmir kuma 'yar Afirka suke ce min.

Sai ga takarda daga Nermin Teyze, tsohuwar da na yi haya a gidanta. Teyze a bakinsu ƙanwar uwa ce. Ta bar birni ta koma ƙauyensu a bakin teku, ta aiko min da tikitin jirgi. A ƙasan takardar ta rubuta layi ɗaya: Idirisu na nan kusa da mu, kullum sai ya tambaye ki.

"Yaron nan na Guna yana can, ko?" in ji Inna.

"Yana can."

"Na sani. Tun da na ji kina goge takalmi na sani."

Da safe na fita da jakata. Da na kai kwanar dutsen unguwarmu na waiwaya. Inna ta fito har bakin ƙofa, ta durƙusa tana laluben ƙasa da hannu. Na ɗauka carbinta ne ya faɗi. Na so in koma, mai babur ya ce motar Yamai ba ta jira.

*

Ƙauyen Nermin Teyze yana kusa da wani gari da ake kira Kash. Duwatsu a baya, Bahar Rum a gaba. Shuɗi ne har inda ido ya tsaya. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba sai ciwon kai.

Na sumbaci hannunta na ɗora a goshina, yadda ake gaida manya a can. Ta zuba min turaren lemo a tafin hannu, ta kama kumatuna.

"'Yata, kin rame! Ba sa ba ki abinci a can?"

"Suna ba ni, Teyze."

"Ƙarya kike. Zauna!"

Zaitun, cuku, tumatir, zuma, gurasa mai zafi. Shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, in ka shanye a sake cikawa, sai ka kwantar da cokali a bakin kofin sannan a ƙyale ka. Na ci. Ina ci ina ganin damatsan yara.

Washegari ta jawo tiyo tana wanke tsakar gida. Ban san lokacin da na tashi na rufe fanfon ba.

"Lafiya?"

"Ƙasa kike wankewa, Teyze... ƙasa!"

Ta dube ni ta daɗe. Ta naɗe tiyon, ta ɗauki tsintsiya. Ba ta sake wanke tsakar gidan ba har na tafi.

Ta kai ni ko'ina. Ta kai ni gidan wankan mata, inda ake zama a kan farin dutse mai ɗumi wata ƙatuwar mata ta cuɗe ka kamar tana wanke tukunya. Na ƙirga kwanon ruwan da aka kwara min har arba'in, na daina. Ta kai ni kasuwar Juma'a, inda wasu mutane ke raba wani abu mai kama da ƙosai da aka jiƙa da zuma, sadaka ga mamacinsu. Ta kai ni bakin hanya ta nuna min wani ginin dutse, ruwa na zuba daga bakinsa dare da rana, babu marufi. An rubuta suna a sama.

"Mijina," ta ce. "Na gina masa. Duk wanda ya sha zai yi masa Fatiha."

Na sha. Na yi masa Fatiha, na yi wa Baba. Na sa tafin hannu na toshe bakin ruwan, ya fito ta tsakanin yatsuna.

Rana ta huɗu Idirisu ya zo.

Tare muka yi karatu a Izmir, shi ya karanci noman ban-ruwa. Ɗan ƙauyen Guna ne, maraya, ƙanen mahaifinsa Baffa Tahiru ya riƙe shi. Da na koma gida shi bai koma ba. Ya samu aiki a rumfunan leda da ake noman tumatir a ciki, tafiyar awa ɗaya daga ƙauyen.

Ya tsaya a ƙofa da jakar lemo a hannu. Ya yi ƙiba kaɗan. Dariyar tana nan.

"Kelluna... ke ce, ko idona ne?"

"Ni ce. Ka yi tumbi."

"Shekara biyu! Abin da za ki fara faɗa min ke nan?"

"To me zan ce?"

"Ki ce kin yi kewata."

"Ka san na yi."

Da Hausa muka yi maganar. Sai a lokacin na lura shekara biyu ban yi hira da kowa ba. Magana dai ina yi, amma ba hira ba.

Ya ɗauki hutun kwana uku. Muka shiga ƙaramin jirgin ruwa, Nermin Teyze na zaune a baya tana saƙa, ido ɗaya a kanmu. Mai jirgin ya kai mu wani wuri ya ce mu leƙa. Gari ne guda a ƙarƙashin ruwa: matakala, bangaye, bakin ƙofofi, kifi na shiga yana fita.

"Kin gani?" in ji Idirisu. "Ruwa ma kora yake yi."

"Ka je ka faɗa wa mutanen Guna haka."

Ya sa hannu a ruwa yana wasa da shi.

"Ki zauna, Kellu. Ana neman masu jinya a Antalya. Mu yi aure a nan, Teyze ta zama uwar biki."

"Inna fa?"

"Mu kawo ta! Akwai likitocin ido, cikin awa ɗaya za su cire mata yanar."

"Inna ko unguwar Zango ba ta son zuwa, wai ya yi nisa. Ita za ta hau jirgi?"

"To ya kike so in yi, masoyiyata?"

"Ka dawo."

"In dawo in yi me? In shayar da yashi?"

"Shekara shida kana karatun ruwa, ka ƙare a tumatirin Turawa."

"Kellu!"

"Ka tambaye ni, na faɗa."

Muka sauka daga jirgin. A bakin gaɓa ya saya mana masara gasasshiya, ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba. Muka zauna a kan dutse.

"Ina tsoro," ya ce. "In na je na ga gonar Baffa ba zan iya barci ba. A nan sai in aika abin da na samu, in kashe waya."

"Ni ma ina tsoro. Kullum."

Ya juyo.

"Ji nan. Tun ina shekara huɗu Baffa ya ɗauke ni. Sau ɗaya na taɓa ƙin maganarsa, ranar da ya ce in dawo. Ba zan ƙara na biyu ba. Zan ce ya je ya gaida Inna, ya gan ki. In ya ce to, aikina na ƙarewa a watan goma, in tattara in dawo. Saboda ke."

"In ya ce a'a fa?"

"Ba zan iya zama gari ɗaya da ke ina kallonki daga nesa ba. Sai in zauna nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, rabin raina."

Ranar da zan tafi, motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Na shiga. Tana tashi na ji ƙarar ruwa a baya. Nermin Teyze ce da kwano a hannu, ta watsa shi a kan hanya tana ɗaga murya.

"Ki tafi kamar ruwa, ki dawo kamar ruwa!"

Haka suke yi wa wanda suke so. Duk lokacin da zan yi tafiya a Izmir sai ta yi min. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai ran nan. Ban yi kuka a motar ba. Na bari sai a filin jirgi, a banɗaki, inda ba wanda ya san ni.

*

Na kawo wa Inna zaitun da ɗankwali mai geza. Ta ɗanɗani zaitun ɗaya ta tofar.

"Wannan kika je ci? Ai gara aduwa."

Ɗankwalin kuwa ta sa a ƙarƙashin matashi.

Sati uku bayan haka, ran wata Alhamis, aka yi sallama a zaure. Baffa Tahiru ne. Ya zo kasuwar Dole sayar da fatu. Shanunsa bakwai ya yanka ɗaya bayan ɗaya kafin su mutu da kansu. Dogon tsoho ne, siriri, rigarsa ta sha ɗinki amma fes take.

Na kawo masa ruwa na durƙusa. Ya kurɓa sau uku. Sauran ya juye a hankali cikin gorar da ke rataye a kafaɗarsa, bai bar ɗigo ya faɗi ba. Na gani. Da idona na gani.

Suka gaisa da Inna, suka yi maganar fari, da farashin gero, da waɗanda suka tafi Kano ci-rani ba su dawo ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce likitar?"

"Mai jinya ce, Baba."

"Kin iya daka?"

"Ba sosai ba."

"Surfe fa?"

"Shi ma haka."

Ya fashe da dariya har yana tari.

"Ya Kaltuma, 'yarki ba ta iya ƙarya ba! To, shi ma nawa bai iya huɗa ba, sai biro. Sun dace."

Inna ta rufe baki da mayafi tana murmushi. Rabona da in ga haƙoranta har na manta.

Da zai tashi ya ce, "Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo da mutane da goro. A sanar da kawunanta."

Idirisu zai dawo... zai dawo! Tsohon ya sa takalmi ya fita. Ina so in yi masa wani abu, in nuna masa, ban san me zan yi ba. Ƙafafuna suka kai ni gindin randa. Ruwan da Shatu, 'yar ƙanwar Inna, ta bi layi tun asuba ta samo. Na cika kwanon sha, na fito da gudu, na watsa shi a bayansa.

Har ya taɓa masa diddige.

Layin mata ne a lungun, kowace da bido, jarkar ruwa, babu komai a ciki, suna jiran mai kurar ruwa.

"Innalillahi!" in ji wata. "Ta wanke sawunsa!"

"Baƙo guda? Me ya yi mata?"

"Ba na faɗa muku ba? Ba daidai ta dawo ba."

Baffa Tahiru ya juyo. Bai kalle ni ba. Ƙasar ya kalla. Ya tsaya yana kallonta har yashi ya shanye ruwan, duhun wurin ya fara ja baya.

"Baba, al'ada ce... a can... don ka dawo lafiya..."

"Na gode," ya ce. Ya gyara gorarsa ya tafi.

Na koma ciki da kwanon. Inna na zaune inda na bar ta.

"Me na ji ya zuba?"

Na faɗa mata. Na jira faɗa. Ba ta yi ba.

"Don ya dawo?" ta ce.

"E."

"Haka suke yi?"

"Haka suke yi."

Ta jinjina kai, ta ɗauki carbinta.

*

Alhamis ta zo. Kawunaina biyu suka sa manyan riguna suka zauna a zaure tun hantsi. Da la'asar suka tashi suka tafi.

Na kira Idirisu.

"Na ji," ya ce. "Da farko dariya na yi, wallahi. Na ce Baffa, ai ƙauna ce, ni ma an sha yi min."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ya gane. Ya ce ba ya tunanin kin wulaƙanta shi."

"To mene ne?"

"Ruwan, Kellu. Matarsa tana fita da asuba, sai azahar take dawowa da tulu ɗaya. Ya ce..."

"Faɗi."

"Ya ce wadda za ta zubar da ruwa a ƙasa a shekara irin wannan, jikinta ne kawai ya dawo. Ya ce yana da ɗa guda da ya ɓata a can, ba ya son su zama biyu a gida ɗaya."

Ina jin ƙarar teku a bayansa, ko kuma iska ce a wayar.

"Ni ce na rufe wa Teyze fanfo," na ce. "Ni!"

"Na sani, Kelluna."

"Ka sake yi masa magana."

"Sau uku na yi. Yanzu in na kira sai ya ba matarsa."

"To shi ke nan?"

Kuɗin wayar ya ƙare a kan shirunsa.

Wata guda ya wuce. Ina zuwa aiki, ina dawowa. Kore, rawaya, ja. A lungu in na wuce sai a ja bido gefe ana dariya, wai kada Baturkiya ta gani. Na daina bi ta nan. Idirisu yakan turo saƙo, in karanta in ajiye.

Abin da ya fi damuna, ina tsoron tsohon gaskiya ya faɗa.

Wata Lahadi da safe na tarar Inna ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalin mai geza, tana zaune da sandarta.

"Nemo mana mota, Auta. Guna za mu."

"Guna? Ke?"

"Da wa nake magana?"

"Inna, ko Zango..."

"Za ki nemo, ko in fita in yi ta tambaya?"

*

Mun isa da hantsi. Rumbuna a buɗe, an sauke jinkarsu an ba dabbobi. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Aka nuna mana gidan. Baffa Tahiru na zaune a inuwar bango yana tufka igiya.

Ya tashi da ya ga Inna. Ya shimfiɗa mata buzunsa.

"Ya Kaltuma, da kanki? Ai da kin aiko."

"In aiki wa? Ita ce 'yar aikena, ita ce mai laifin."

Na durƙusa daga gefe. Bai kalle ni ba.

"Malam, ban zo ba ka haƙuri ba," in ji Inna. "Yarinyar nan ta yi wauta. Ni ma da ina gani da na mare ta. Abu na kawo maka ka duba min, tunda ni ba ido."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan ƙulli a tsohon ƙyalle, ya yi baƙi don riƙo. Ta miƙa masa. Ya taɓa, ya murza da yatsa. Hannunsa ya tsaya.

"Ka san ko mene ne?"

"Na sani."

"Faɗa mata. Ita ba ta sani ba, 'yar lakwal ce, boko kawai ta sani."

Ya yi gyaran murya. "Ƙasar sawu ce."

"Ƙasar sawunta," in ji Inna. "Ranar da ta tafi karatu na ɗeba a bakin ƙofa na ƙulle, don ƙasar ta jawo min ita. Ubanta ya ce jahilci ne, Allah ke dawo da bawa. Na ce na sani, amma hannuna ya ƙi zama haka nan. Da za ta tafi hutun nan ma na lalaba na ƙara."

Na tuna ta durƙushe a bakin ƙofa. Carbi, na ce. Na sunkuyar da kai.

"Ta dawo shekara biyu ke nan," Inna ta ci gaba, "ban kwance ba. Abin da ka gani ni na riga ka gani, Malam, ni da ba ni da ido. Tana gidan, ba ta gidan. Amma ran nan da na ji ruwan nan ya zuba, na ce ashe yarinyar nan akwai wanda take tsoron kada ya tafi bai dawo ba. Tun da ta dawo ban ji ta yi gudu ba sai ran nan. Saboda kai ta yi shi."

Ta juya fuska wajen Baffa Tahiru.

"Kai fa?" in ji Inna. "Ina taka?"

"Tawa me?"

"Kada ka yi min haka, mun tsufa. Yaron da ka goya tun yana shekara huɗu ya hau mota ya tafi bayan teku, ka ce min hannunka ya zauna haka nan?"

Baffa Tahiru ya daɗe yana kallon igiyarsa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da wata 'yar jakar fata kamar laya, ya ajiye kusa da ƙullin Inna.

"Shekara takwas," ya ce. "Ko matata ba ta sani ba."

Sai a lokacin ya kalle ni.

"Ruwan nan, nawa ne?"

"Kwanon sha ɗaya, Baba."

Ya kira matarsa ta kawo kwano da guga.

"Rijiya na bayan gari. Ki ciko min shi. Da hannunki."

Na tafi. Rijiyar gaba talatin ce ko fiye. Mata sun fi ashirin a bakinta, kowace na jiran ruwa ya taru a ƙasa. In layi ya zo kanka ka zura guga, ka jira, ka jawo, ka samu abin da bai fi ludayi biyu ba, rabinsa laka.

"Wannan ce ta Idirisu?"

"Ita ce. Dubi hannun, kamar na jariri!"

"Ke 'yar birni, ba haka ake ja ba! Buɗe ƙafa, kada ki bi gugar!"

Suka yi ta dariya, ni ma na yi. Igiyar ta saɓule min tafin hannu tun a ja na biyu. Wata tsohuwa ta so ta ƙara min daga tulunta, na ce a'a. Na tace da gefen mayafina. Sai da la'asar kwanon ya cika.

Na ɗauko shi da hannu biyu. Tafiyar da ba ta fi ta minti ashirin ba na yi ta a kusan awa. Idona bai bar bakin kwanon ba.

Na durƙusa na miƙa masa. Ya dubi ruwan, ya dubi hannuwana.

"A ba baƙuwa tukuna."

Inna ta sha. Ya karɓa ya kurɓa sau uku. Ya miƙo min sauran.

"Shanye. Kada ki rage."

Ɗumi ne, yana warin laka. Na shanye.

"Kina da wayar nan? Kira min shi."

Na kira. Ya karɓa ya riƙe ta nesa da kunne yana ɗaga murya, kamar mai kiran wani a gona.

"Idirisu! Ni ne! Ka tattaro ka dawo, na gaji da ajiye maka ƙasa... Ba ruwanka da wace ƙasa! Bayan kaka za a ɗaura, ko an girbe ko ba a girbe ba... Kai, kuka kake yi? Ungo, karɓi abinki, kuka yake yi."

Na sa wayar a kunne.

"Kelluna... me kika yi masa?"

"Ruwa na ɗebo."

"Kawai?"

"Ka zo ka ga rijiyar. Akwai aiki."

*

Rana na gab da faɗuwa muka iso Birni. Inna ta gaji, tana dogara da kafaɗata. Matan lungu na nan da bidunansu. Na gaishe su, suka amsa suna kallon tsumman da ke naɗe a hannuwana.

A bakin ƙofa Inna ta tsaya.

"Riƙe min sandar."

Na riƙe. Ta ciro ƙullin. Ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori. Ta lalubi dokin ƙofa da ƙafa, ta zazzage ƙasar a wurin, ta kakkaɓe ƙyallen. Ba ta fi cikin cokali biyu ba.

"Inna..."

"Ba na son surutu. Shiga gida, Auta, ki ɗora mana tuwo."

Na taka ƙasar na shiga.